Numfashin Sama

Shekara talatin da ɗaya
ina karanta ma'aunin nauyin iska
a ɗan ɗakin meteyo na filin jirgin Maradi,
tocila a hagu, biro a dama.
Tun ban kula ba har na kula:
da hantsi allura ta hau,
da la'asar ta sauka,
bayan lisha ta sake hawa,
kafin asalatu ta koma inda ta fito.
Ko damina, ko bazara.
Ɗan motsi ne, bai fi ƙwayar gero ba,
amma ladan kan makara, ita ba ta makara.

Na tambayi shef, ya ce rubuta kawai,
lambobin nan Yamai za su.
Na tambayi Ɗan Jimma mai shayi,
ya ce, "Sama ma rai gare ta, numfashi take."
Na yi dariya, na biya kuɗin shayina.

Barira ce ba ta yi dariya ba.
Tana aji huɗu, ta kawo mini tuwon dare,
ta taka akwati, ta leƙa gilashin,
ta ce, "Baba, wa ke tura ta?"
Na ce ɗauki kwanon ki tafi, dare ya yi.

Yau ga ta can inda arewa ta ƙare,
ƙasar da rana kan yi wata biyu ba ta leƙo ba,
in ta fito kuma ta ƙi faɗuwa.
Uwarta har gobe tambaya take
yadda ake gane magariba a irin wannan wuri.

Ta ce sun kafa ƙarafa cikin ƙanƙara
kamar dirkokin rumfar da aka manta rufinta.
Su aika amo sama, su kasa kunne.
Abin nan da muke cewa tauraro ya yanke,
ashe tsakuwa ce, wata ba ta kai riɗi ba.
Ta ƙone can kilomita casa'in,
ta bar sawu na ƙiftawar ido,
iska ta ja sawun,
su kuma daga jan su san gudunta.
Dubbai a yini, ba mai ganinsu sai na'ura.

"Baba, mai tura allurarka na biyo.
Rana ce ke gasa iska, ta kumbura, ta lafa,
igiyar ta bi rana tana kewaya duniya.
A ɗakinka raɗa ce.
Tana hawa tana ƙara girma,
har a saman kanmu ta zama iska mai ƙarfi
da ke juya fuska kan lokaci,
kamar cikar teku da janyewarta."

Ni ban taɓa ganin teku ba.
Gulbi na sani,
wanda kan zo in an yi ruwa wajen Jibiya,
ya tafi ya bar mana yashi da lambun tumatir.
Ashe duk shekarun nan
a gindin wata teku nake zaune
ina rubuta zurfinta da biro.

Ta ce in aiko mata littattafaina,
waɗanda na kwafa don kaina.
Na buɗe adaka.
Gara ta cinye tamanin da huɗu,
rabin tamanin da bakwai an naɗe ƙuli da shi.
Sauran, jikana Lawali yana ɗauka da waya,
shafi shafi,
yana mita wai bakwai ɗina kamar ɗaya.

Jiya na je in gaya wa Ɗan Jimma ya yi gaskiya.
Sai da na isa teburin na tuna.
Ɗansa ya zuba mini, ya ƙi karɓar kuɗi.

Yanzu goma ta gota a Bagalam.
An ɗauke wuta, maƙwabta sun fito da tabarmi.
Ba ma'auni a gidan nan,
ko tsohon gilashin ba su bar mini ba,
amma na san tana hawa.
Wata tsakuwa ta ƙone ta wajen Tibiri.
Tsahara ta ce, "A'uzubillahi."
Ni na bi sawun da ido
ko zan ga inda aka ja shi.